Inuwar gawo ba baƙa ba ce

Idan ka bar Kano ta titin Gwarzo da sassafe a watan Disamba, ka wuce sabon matsugunin Jami'ar Bayero, ka wuce Janguza, to kafin ka shiga Rimin Gado ka daure ka tsaya a gefen titi ka waiwaya gabas. Rana ta fito, amma hazo ya karya mata lago. Kana iya zuba mata ido ba ta ce maka komai ba. Ga ta nan ja-ja, zagayayya kamar faifai, a saman gonakin da aka gama girbewa. Dawa ta shiga rumbu. Kara na tsaye an jingina shi tsibi-tsibi, harawa na kan rassan bishiya inda awaki ba za su kai ba, kunyoyi sun fito fili kamar haƙarƙarin saniyar rani. Gawo kaɗai, da yake shi ɗan adawa ne, ya yi ganye shar bayan ya kwashe damina tsirara.

A irin wannan safiya ce na taɓa tambayar baffana, muna tsaye a bakin gonarsa, mene ne launin inuwar gawon da ke gabanmu. Ya yi mini irin kallon da ake yi wa wanda boko ya yi wa yawa.

"Kai ɗan nan, inuwa ai baƙa ce. Wannan ma har tambaya ce?"

Na ce, "Baffa, ara mini takalminka guda."

Takalmin roba ne, baƙi ƙirin. Na ajiye shi a tsakiyar inuwar, muka ja da baya. Takalmi dai baƙi ne, babu musu. Amma ƙasar da yake kai, wadda muka gama kira baƙa yanzu-yanzu, sai ga ta ruwan toka da ɗan sirkin shunayya, rairayin da ke gefenta kuma ya ƙara rinewa kamar an fesa masa ruwan goro. Baffa ya yi shiru. Can ya ce, "Ikon Allah." Sama da shekara 60 yana ratsa wannan inuwa bai taɓa tambayar ta launinta ba. Ni ma da ban tambaya ba, ba don wasu masu zane na ƙasar Faransa da ƙasa ta daɗe da rufe idanunsu ba. Abin da takalmin nan ya nuna mana a minti guda, su sai da ya ci musu kusan shekara 50, daga wajen 1825 zuwa 1874, wannan na miƙa wa wancan, kafin su koya wa ido ya daina biya hadda ya faɗi abin da ke gabansa.

A farkon ƙarni na 19, zane a Faransa sana'a ce mai sarakuna da dogarai. Akwai makarantar gwamnati, akwai kuma babban baje kolin birnin Faris da ake kira Salon, inda alƙalai ke zaɓar abin da jama'a za su gani. Wanda aka karɓi aikinsa ya sami masu saye. Wanda aka mayar masa, sai ya nemi na tuwo a wani wurin. A wajen alƙalan nan zanen tarihi ne mai daraja: yaƙe-yaƙe, sarakunan Rum, tatsuniyoyin Girka. Zanen fili, wato gona da daji da kogi, yana can ƙarshen sahu. In ma za ka yi shi, to ka yi shi a ɗaki, ka jera bishiyoyi dama da hagu kamar labule, ka kafa kangon wani tsohon ginin Italiya a tsakiya, ka jefa wani jarumin tatsuniya a gaba don a san ka yi karatu, sannan ka lulluɓe komai da ruwan ƙasa mai duhu. Har wani fenti gare su da ake yi daga kwalta. Kada dai mu cika yi musu dariya. Leƙa shagon aski ko ɗakin ɗaukar hoto a garuruwanmu ka dubi bango: tsaunuka masu ƙanƙara, ruwa na kwarara daga dutse, ciyawar da ba ta taɓa jin zafin bazara ba. Mu ma a ranmu kyakkyawan wuri yana wata ƙasa.

Duk da haka malaman zanen Faransa kan tura ɗalibai waje su yi gwaji. Ɗaya daga cikin malaman, Valenciennes, ya faɗa a littafinsa na wajen 1800 cewa zanen gwaji a waje kada ya wuce awa biyu, in kuwa fitowar rana ce ko faɗuwarta, rabin awa. Dalilinsa ba baƙo ba ne ga Bahaushe, wanda ya yanka yini gunduwa-gunduwa ya raɗa wa kowace suna: hantsi daban, walaha daban, la'asar sakaliya daban da almuru. In ka fara zana bishiya da hantsi ka ƙarasa da azahar, inuwar da ka fara da ita ta tashi ta koma wani gefe, gaskiya biyu sun taru a ƙyalle ɗaya sun zama ƙarya. Sai dai waɗannan gwaje-gwaje ba na nunawa ba ne. Kamar allon almajiri suke, a biya a jingine.

Camille Corot, wanda aka haifa a Faris a 1796, ya tafi Italiya a 1825 kamar yadda ɗalibai suka saba. A 1826 ya zauna a kan wani tudu a Narni ya zana kangon wata gadar Rumawa da kogin da ke bi ta ƙarƙashinta. Ɗan ƙaramin zane ne, an yi shi da sauri. Ruwan kogin launin laka ne domin laka ce a cikinsa, gaɓar ta zaizaye kamar gefen kwazazzabo, tsaunukan nesa sun koma shuɗi-shuɗi, zafin rana kuwa har kana jin sa a ƙeya. Da ya koma ɗaki ya shirya babban da zai aika Salon na 1827, sai ya share gaɓar ya daidaita ta, ya dasa dogayen bishiyoyi, ya shimfiɗa hanya, ya kawo makiyaya da tumaki. Yau ƙaramin yana gidan tarihi na Louvre a Faris, babban yana Ottawa ta Kanada. Duk wanda ya ga hotunansu a jere zai gane inda rai yake. Ana iya cewa duk rigimar shekarun da suka biyo baya a kan abu ɗaya aka yi ta: yadda za a fito da ƙaramin nan daga bayan ƙofa a ce shi ne aikin.

Gwanintar Corot auna haske ce. Kafin ya damu da launi, sai ya fara tantance ina ne ya fi haske a duk abin da ke gabansa, ina ne ya fi duhu, sauran kuma kowanne a wane mataki yake tsakanin biyun. Abin da wuya, domin farin fenti mafi fari bai kai hasken sararin sama ba ko kusa, don haka dole a matse tazarar da ke tsakanin rana da ƙuryar kogo ta shiga tsakanin farin fenti da baƙi, ba tare da wani mataki ya hau kan ɗan'uwansa ba. Masu zane kan runtse ido rabi don ganyaye da tsakuwoyi su ɓace, manyan ɓangarori su rage. Gwada a bakin gona ka gani. Ɗorawar da ke kusa da kai za ta zama dunƙule mai duhu, ta tsakiyar fili ta fi ta haske, rimin da ke can bakin gari kuwa ya kusa narkewa cikin sama. Bishiyoyin ba su canza ba, iskar da ke tsakaninka da su ce ta ƙaru, kuma iska tana da launi. Mu da muke da hazo wata uku a shekara ai mu ya kamata mu fi kowa sanin haka. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, Corot kuwa ya horar da nasa har ya zama mudun. Matasan masu zane Baba Corot suke kiransa, ƙofarsa a buɗe take, hannunsa ma haka. Cikin waɗanda suka sha daga wurinsa akwai Berthe Morisot da Camille Pissarro.

Kudu maso gabas da Faris, tafiyar kilomita kusan 60, akwai dajin Fontainebleau, a bakinsa kuma akwai wani ƙauye, Barbizon, mai masauki guda na iyalin Ganne inda masu zane marasa kuɗi ke kwana. A nan aka fara ɗaukar ƙasar Faransa kanta a matsayin abin da ya isa a zana. Wani Bature ɗan Ingila, John Constable, ya riga ya buɗe musu ido a Salon na 1824 da zanen wata keken dawaki tana ratsa rafi a ƙauyensu, har aka ba shi lambar zinariya. Jagoran mutanen Barbizon shi ne Théodore Rousseau, wanda alƙalai suka yi ta mayar wa da aiki tun daga 1836 har aka yi masa laƙabi da babban korarre. Shi yakan zana bishiya kamar yadda ake zana fuskar dattijo, da tabonta da karkatarta da reshen da tsawa ta karya. Manyan bishiyoyin dajin har suna gare su. Wannan ba zai ba mutumin Rimin Gado mamaki ba, shi da sunan garinsu ma sunan bishiya ne, balle Bakano da ya san Kukar Bulukiya da Tsamiyar Boka. Rousseau ya kai ƙara wurin Sarki Napoleon na Uku a kan masu sare dajin, a 1861 kuma aka yi dokar da ta keɓe fiye da hekta 1,000 saboda kyansa kawai.

Maƙwabcinsa Jean-François Millet ɗan manoma ne daga Normandi. Wanda ya yi boko zai ga sunan ya tuna gero, amma Faransawa "Mile" suke cewa. Ya gudo Barbizon da iyalinsa a 1849 lokacin da kwalara ta ɓarke a Faris. A 1857 ya nuna zanen da duk macen karkarar Kano za ta gane ba sai an yi mata bayani ba: mata uku suna kala. Biyu sun duƙa, ɗaya ta ɗan ɗago tana hutar da ƙugu, a hannunsu 'yan zangarniyoyin alkama da masu girbi suka bari. Can bayansu, cikin ƙura mai haske, ga tarin amfanin mai gona kamar duwatsu, ga wakilinsa a kan doki. Dubi inda Millet ya ja layin da ƙasa ta haɗu da sama: ya ɗaga shi har kawunan matan ba su kai shi ba, ƙasa ta riƙe su. Masu kuɗin Faris ba su ji daɗin zanen ba. Juyin juya halin 1848 bai yi nisa ba, talaka mai wannan girma a bango yana sa a taɓa aljihu. Gustave Courbet ya fi shi tsaurin ido. A 1855 ya kafa rumfarsa ta kansa a gefen babban baje kolin duniya na Faris, ya rubuta mata sunan aƙidarsa, wato zana zahiri yadda yake. Duwatsun garinsu Ornans da wuƙar kwaɓa fenti yake yaɓa su, kamar birkila da siminti, a kan ƙyallen da ya fara shafe shi da duhu. Waɗannan 'yan zahiri sun canza abin da ake zanawa. Amma manyan ayyukansu a ɗaki ake gama su, kuma inuwarsu har yanzu ruwan ƙasa ce.

Kayan aiki ma sun taimaka. Da, a mafitsarar alade ake ɗaure fenti, a huda a matsa, abin da ya rage ya bushe. A 1841 wani Ba'amurke mazaunin Landan, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro ɗan bututun kuza da ake matsawa, kakan wanda man goge baki ke zuwa a ciki yau. Masana haɗa sinadarai suka yi ta fito da sababbin shuɗi da kore da rawaya masu ƙarfi da araha. Jirgin ƙasa ya isa Fontainebleau a 1849. Mutum na iya rataya akwatinsa da safe ya yini a daji.

Mutum biyu ne, a ganina, ba a ba su haƙƙinsu. Na farko Charles-François Daubigny, wanda a 1857 ya sayi kwalekwale ya yi masa rumfa, ya mayar da shi ɗakin aiki yana bin kogunan Oise da Seine. Daga tsakiyar ruwa babu bishiyar da za ka yi labule da ita. Sama ce, da hotonta a ruwa, da siririn layin gaɓa. Ruwa kuwa ba ya jira, dole hannu ya yi sauri, masu sharhi suka yi ta ƙorafin cewa yana kawo musu aikin da bai nuna ba. Da ya zama alƙali a Salon ya yi ta kare matasa, a 1870 kuma ya ajiye muƙamin da aka ƙi aikin Claude Monet. Da yaƙi da Jamusawa ya kora su Landan a wannan shekara, shi ya haɗa Monet da dillalin zane Paul Durand-Ruel, wanda daga baya ya zama gatansu.

Na biyu Eugène Boudin, ɗan ma'aikacin jirgin ruwa daga Honfleur. Shi sama ce gonarsa. Yakan sauko da layin ƙasa har sama ta cinye kashi biyu cikin uku na ƙyallen ko fiye, yakan kuma yi ɗaruruwan ƙananan zanen gajimare, a gefe ya rubuta kwanan wata da awa da inda iska ke kaɗawa daga. Nan nake ganin ya fi kusa da manomi. Manomin Rimin Gado zai dubi gabas a watan Yuni ya gaya maka wannan hadarin na ruwa ne, wancan kuwa iska ce kawai da ƙura. Ya san holoƙo, hadarin kaka, ya san sararin marka mai nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Bai koyi wannan a littafi ba, dubawa ce ta yau da gobe, kuma abincinsa na rataye da ita. Boudin irin wannan duban ya yi wa sama, sai dai shi da alli mai launi yake ba da amsa. Shi ne ya ga wani saurayi a Le Havre yana zanen barkwanci na manyan gari yana sayarwa, ya yi ta jan sa su fita waje. Yaron ya yi ta noƙewa, daga baya ya bi. Monet ke nan, ana cewa "Mone". Zanensa na fili na farko da aka sani na 1858 ne. A 1861 aikin soja ya kai shi Aljeriya, ya dawo da ciwo a 1862, amma a tsufansa ya shaida cewa haske da launin da ya gani a can su ne irin da ya tsiro daga baya. Ashe akwai ranar Afirka a cikin lamarin.

Batun launi kuwa daga marina ya fito. A 1824 aka naɗa wani masani, Michel-Eugène Chevreul, shugaban sashen rini a masaƙar gwamnati ta Gobelins. Ana ta kawo masa ƙorafi cewa baƙin zaren da marinarsa ke rinawa ba ya yin baƙi sosai. Ya bincika ya ga rinin lafiyarsa ƙalau, maƙwabta ne matsalar: baƙi a gefen shuɗi sai ya yi wa ido kamar da ja-ja ko rawaya-rawaya a cikinsa. A littafinsa na 1839 ya bayyana cewa kowane launi yana tura na kusa da shi wajen kishiyarsa. Kishiyar ja ita ce kore, ta shuɗi ruwan lemo, ta rawaya shunayya, kuma in kishiyoyi suka zauna kusa da juna kowacce sai ta ƙara ƙyalli don ɗaya. Badukun da ke ɗora koriyar fata a kan ja ya san wannan da hannunsa, haka mai ɗinkin hula da ke kara zare da zare kafin ya soka allura. Ilimin ya yaɗu a tsakanin masu zane, ya haɗu da abin da suke gani a waje.

To ga amsar tambayar da na yi wa Baffa. Inuwa wuri ne da rana ba ta kai wa kai tsaye, amma sama tana kai wa. In sama shuɗiya ce, inuwa za ta ɗauki shuɗi. In hazo ya mayar da sama fari-fari, inuwa za ta yi toka-toka, bakinta ya yi laushi. Sannan rairayin da ke kewaye da ita, da yake rawaya ne, sai ya tura ta wajen shunayya. A hunturun 1868 zuwa 1869 Monet ya tsaya a cikin dusar ƙanƙara kusa da Étretat ya zana wani shinge da ƙyauren itace, da wani tsuntsu baƙi da fari, ɗan'uwan hankaka, zaune a kai. Kusan duk zanen fari ne, amma babu fari ɗaya a ciki: inda rana ta taɓa da ɗan rawaya da ruwan hoda, inuwar shingen kuwa shuɗiya ce mai sirkin shunayya. Alƙalan Salon na 1869 suka mayar masa da abinsa.

Sanin launin inuwa rabin aiki ne. Saura yadda za a ajiye shi a ƙyalle bai mutu ba. Fenti yana da wani hali: in ka cika kwaɓa launuka da juna, sai su koma taɓo. Monet da abokansa, Auguste Renoir da Alfred Sisley da Frédéric Bazille, waɗanda suka haɗu a ɗakin koyarwar Gleyre a 1862 suka kuma yi ta zuwa dajin Fontainebleau bin sawun manya, sun daina shafe ƙyalle da duhu, sun koma farawa a kan fari ko mai haske. Sannan suka rage kwaɓi. A ajiye ɗan shafi na wannan launi, a ajiye na wancan a gefensa, a bar ido ya haɗa su daga nesa. Wanda ya taɓa riƙe saƙi ya san abin: kusa da ido zare ne baƙin shuɗi da zare fari, kowanne daban, amma daga ƙofar zaure riga ce mai launin zabo da ba wani zare ɗaya da ke da shi. A 1869 Monet da Renoir suka kafa ƙyallayensu kafaɗa da kafaɗa a wani wurin wanka a kogin Seine da ake kira La Grenouillère. Dubi ruwan da Monet ya yi a can: gajerun shafe-shafe ne a kwance, shuɗi, fari, ruwan ƙasa, baƙi-baƙi, kowanne burushi ɗaya ba gyara. Matso kusa, ɓarna ce. Ja da baya taku uku, sai ruwa ya fara motsi. Wahalar ita ce kowane shafi dole ya zo daidai a launi, daidai a matakin haske, daidai a wuri, a karo ɗaya. Awon nan na Baba Corot yana nan a ƙarƙashi, an dai ƙara masa gudu.

Ranar 15 ga Afrilu, 1874, su 30 suka buɗe nasu baje kolin a tsohon ɗakin mai ɗaukar hoto Nadar, ba alƙali ba lambar yabo. A ciki akwai wani ɗan zanen Monet na tashar jiragen ruwan Le Havre da asuba, na 1872, mai suna Impression, soleil levant, wato abin da ido ya fara ɗauka da fitowar rana. Wani marubucin jaridar barkwanci ta Le Charivari, Louis Leroy, ya ɗauki kalmar farko ya yi musu ba'a da ita, ya kira su 'yan kallon farko. Sunan ya bi su, su ma daga baya suka amsa. Zanen kansa hazo ne ruwan toka mai shuɗi, da inuwar jirage, da wata 'yar rana ruwan lemo wadda kamar tana huci. Nemo hotonsa a wayarka ka mayar da shi baƙi da fari: ranar za ta kusa ɓacewa, domin haskenta daidai yake da na saman da ke kewaye da ita. Launi kaɗai ke riƙe da ita, ruwan lemo a cikin kishiyarsa. Ranarmu ce ta hunturu sak, wadda na ce ka waiwaya ka gani a titin Gwarzo.

Ni dai in za a ba ni zaɓi a wannan baje koli, na Pissarro zan ɗauka. Gona ce da aka yi wa huɗa a kusa da Pontoise, a 1873, da safiyar sanyi, raɓa ta daskare a kan ƙasa, wani dattijo na hawowa da damin itace a baya. Kunyoyi na tafiya ta wannan gefe, dogayen inuwoyin wasu bishiyoyi da ba a ma gani a cikin zanen suna gitta su ta wancan, shuɗi a kan ja-ja. Leroy ya ce ba kunyoyi yake gani ba, kankarar busasshen fenti ce aka zuba a ƙazamin ƙyalle. Mutumin bai taɓa riƙe garma ba. Abin da nake so a wurin Pissarro shi ne ya karɓi sabon haske bai saki mai gona ba. Domin akwai asara a wannan tafiya, a faɗi gaskiya. A wurin Millet kana jin ciwon ƙugu. Da haske ya zama sarki, sau da yawa mutum ya koma ɗigon launi kamar kowane ɗigo, karkara kuma ta zama wurin shan iskar mutanen birni ranar Lahadi.

Daga ƙarshen girbin 1890 zuwa farkon 1891 Monet ya tsaya a gonar maƙwabcinsa a Giverny yana zana tarin alkamar da ba a sussuka ba. Siffarsu rumbu ce da jinkarta, ba ragi. Ya yi guda 25. Yakan fito da ƙyallaye da yawa, haske na juyawa ya sauke wannan ya ɗora wancan, gobe in awar ta dawo ya koma wa na jiya, daga baya kuma ya daidaita su a ɗaki. Rumbunan ba su canza ba, amma na hantsi da na almuru ba su ko yi kama ba: wani ja kamar garwashi, wani shunayya, wani ruwan makuba da bakinsa na wuta. Durand-Ruel ya nuna 15 a watan Mayu na 1891 aka yi rububinsu. A 2019 an sayar da guda a Amurka dala miliyan 110.7, kuɗin da ban san rumbu nawa zai cika ba in aka auno dawa.

Ba sai an je Faris ake koyon wannan sana'a ba. Tun 1955 ake koyar da zane a Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, inda a 1958 su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu suna cewa a ɗauki dabarar Turawa amma a zana da idon gida. Ga mai jin nauyin zana abu mai rai kuwa, akwai ruwaya a Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar sura da ya koma yin bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Gawo da kunya da hadarin gabas duk suna cikin wannan fili, kuma ba su da iyaka.

Ranar da na ari takalmin Baffa dai ban bar ƙauye ba sai bayan la'asar. Hazon ya ɗan yaye, sama ta fito. Ina ɗaure kaya a bayan babur sai na ji Baffa yana kira daga bakin gona.

"Ɗan nan! Zo ka ga abokiyar taka."

Inuwar ta juya gabas, ta miƙe ta haye kunya wajen 20 har ta taɓa tarin karan maƙwabci. Yana tsaye da ƙafa ɗaya ba takalmi, ya riga ya ajiye shi a ciki da kansa.

Ya ce, "Yanzu kuma bula aka sa mata."